Daga Sawaye Zuwa Na'urar Yanka: Tarihin Yankan Tufafi da Rabon Maruta a Cikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.  

Kowace shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya, maganar tela ce ke cika gidajenmu na birni. Wani ya kai shaddarsa tun watan Sha'aban bai samu ba, wani kuma an kawo masa amma wuyan ya shaƙe shi, ko hannu ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon ɗinki ya san cewa yawancin wannan ɓacin rai daga teburin yanka yake farawa. Ɗinki in ya karkace akan farke shi a sake, amma abin da almakashi ya ci ya tafi ke nan, kuma sau da yawa kuɗin yadin ya ninka ladan ɗinkin. Saboda haka na ga ya dace a mujallarmu ta bana mu waiwayi tarihin yanka shi kaɗai, tun daga askar kakanninmu har zuwa na'urar da kwamfuta ke sarrafawa, domin mu ga inda arzikin wannan sana'a ya koma, da kuma abin da ya rage wa 'ya'yanmu na gida a cikinsa.

Zamanin sawaye

Har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram cikin Jihar Kano take, kuma kafin zuwan Turawa ma ƙarƙashin sarautar Kano take. Don haka tarihin tufafin ƙasar Kano tarihinmu ne. A wancan zamani riga daga gona take farawa. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta su raba ta da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Daga nan zare ya je wurin masaƙi, abin da ya saƙa kuma ya wuce karofi in ana son baƙi, sannan mabuga su buge shi har ya riƙa ƙyalli.

Abin lura shi ne faɗin abin da masaƙi ke fitarwa. Masaƙar maza siririya ce, tana ba da sawaye masu tsawo ƙwarai waɗanda faɗinsu bai cika wuce tafin hannu ba. Na turkuɗi kuwa, wanda garin Kura ya yi suna a kansa, sun fi haka sirantaka nesa. Saboda haka maɗinkin dā haɗa faɗin riga yake yi da allura. Zai auna tsawo da kamu da taƙi, ya datse sawaye da aska ko 'yar wuƙa, ya jera su gefe da gefe ya ɗinke, ɗaya bayan ɗaya, har riga ta kai faɗin da ake so. In ana son buɗi a ƙasa sai a sa cuna. Yankan duka miƙaƙƙe ne, babu lanƙwasa mai wuyar fitarwa, kuma kusan babu ƙyallen da ke zuba ƙasa, domin zaren da mace ta yi makonni tana kaɗawa ya fi ƙarfin a yi wasa da shi.

Darajar riga a lokacin tana ga allura. Aikin wuya da na aljihu, irin su aska biyu da aska takwas, shi ne ke raba rigar basarake da ta talaka, kuma riga ɗaya takan ci watanni a hannun mai aiki. Malamai da almajirai da yawa da wannan sana'a suka riƙe kansu, domin ana iya yin ta a zaune a zaure tsakanin darasi da darasi.

Wannan sana'a ta hannu ita ce ta ɗaukaka sunan Kano a duniya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a shekarar 1851, ya ga yadda tufafin ƙasar ke tafiya har Timbuktu da Agadas da Borno da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300, kuma Timbuktu kaɗai takan karɓi kayan raƙumi kusan 300. Ya kuma lura cewa aikin a gidaje ake yin sa, a birni da ƙauyuka, kowane iyali na cin rabonsa ba tare da ya bar garinsa ba. Wannan magana ta ƙarshe ya kamata mu riƙe ta, mu da neman aiki ya raba da gida.

Keke da almakashi

A cikin wannan shekara ta 1851 da Barth yake zagaya kasuwar Kurmi, wani mutum a Amurka mai suna Isaac Singer ya karɓi takardar mallakar fasahar keken ɗinkinsa. Babu wanda ya san da wannan labari a ƙasar Hausa, amma shi ne ya zo ya juya sana'ar. Turawa sun ci Kano a 1903, dogo ya iso birnin a 1911. Tun kafin haka yadin Turai yana shigowa ta Sahara da ta Kwara, amma jirgin ƙasa ne ya sa akoko da alawayyo da atamfa suka yawaita suka yi araha, kuma shi ne ya sauƙaƙa kawo keken ɗinki.

Masaƙanmu ba su faɗi a rana ɗaya ba. Ƙungiyar Turawa masu neman auduga, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta sa ran kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Manchester, sai ta tarar masaƙan gida suna sayen ta da farashin da ya fi nata, manoman ƙasar Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Sai a hankali, cikin shekaru masu yawa, yadin kanti ya ture saƙi daga jikin talaka, ya bar shi ga bikin aure da naɗin sarauta. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano, yadi mai faɗi ya zama abin da ake saƙawa a ƙasarmu.

Harshenmu ma ya adana wannan tarihi. Kalmar almakashi daga Larabci muka aro ta, alamar cewa ta hanyar fatauci da Larabawa kayan ya zo mana tun da daɗewa. Amma tela da yadi da inci duk daga Turanci suke. Dalili kuwa shi ne yadi mai faɗi ya zo da wani aiki da kakanninmu ba su buƙace shi ba. Yanzu riga a cikin turmi take kwance, sai mai ido ya fitar da ita. Dole a fitar da zagayen wuya, da gangaren kafaɗa, da lanƙwasar hammata, da hantsar wando, a kuma san yadda za a jera su a kan yadin don kada a yi ɓarna. Jamfa da kaftani mai hannu, da kayan soja da na 'yan doka da na 'yan makaranta, duk sun dogara ga wannan sani.

Daga nan ne girman shago ya koma hannun mai almakashi. Kowa ya san matakan da yaron tela ke bi. Zai fara da shara da hura gawayin dutsen guga, ya koma sa maɓalli da kalmasa, sannan a ɗora shi a kan keke. Almakashi shi ne na ƙarshe, kuma maigida ba ya sakin sa da wuri, wani lokaci don tsoron ɓarnar kayan mutane, wani lokaci kuma don ya san ranar da yaro ya iya yanka, ranar ce zai buɗe nasa shagon. Yara da yawa sun bar gidan koyo suna iya taka keke kamar iska, amma in aka ba su yadi biyar da alli sai su tsaya suna kallo. Lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na bai ɗaya a 1976, yara suka cika makarantu har a ƙauyuka, buƙatar kayan makaranta ta ƙaru ƙwarai, kuma kekuna masu sauƙin kuɗi irin Butterfly na ƙasar Sin suka bazu. Telan gari ya ci moriyar wannan zamani gwargwadon iya yankansa.

Abin da ake yi a wasu ƙasashe

A daidai wannan tsawon lokaci, masu sana'ar tufafi a Turai da Amurka sun gane cewa tun da keke ya sa ɗinki ya yi sauri, yanka ne ke jawo jinkiri, sai suka sa shi gaba. A 1863 wani tela Ba'amurke, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da samfurin riga na takarda mai girma daban-daban, yadda ko wanda bai ƙware ba zai ɗora a kan yadi ya bi layi. Da wannan, awo ya fita daga kan mutum ɗaya ya koma kan takardar da za a iya ajiyewa a kuma koyar. A ƙarshen ƙarni na 19 aka samu wuƙar yanka mai aiki da lantarki, wadda kamfanin Eastman na birnin Buffalo ya yi suna da ita. Akan shimfiɗa yadi hawa-hawa a kan dogon tebur, a zana samfurin a kan na sama, mutum ɗaya ya tura wuƙar ta ratsa su duka, a fitar da riguna masu yawa a yanka guda.

Babban sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1960, ta hannun Joseph Gerber, ɗan gudun hijira daga Ostiriya da ya zauna a Amurka. Matsalar yadi ita ce santsi da motsi, in an tara shi da yawa na ƙasa ba ya fita daidai da na sama. Gerber ya sa aka rufe tarin yadin da leda, aka zuƙe iskar da ke ciki ta ƙarƙashin tebur har ya ƙanƙame ya yi tauri kamar katako. Fuskar teburin kuma an yi ta da tsinkayen roba a tsaitsaye kamar na buroshi, don wuƙa ta ratsa yadin har ƙasa ba ta ci karo da komai ba. Kwamfuta ce ke jan wuƙar bisa zanen da aka ba ta. Kamfanin Lectra da aka kafa a Faransa a 1973 ya bi wannan hanya, aka kuma samu manhajar da ke jera sassan riga a kan yadi, tana cusa ƙanana a tsakanin manya don rage guntaye. Daga baya aka ƙara da masu yanka da hasken lesa, wanda ke ƙone bakin yadin roba ya liƙe shi don kada ya warware.

Sannu a hankali fasahar ta sauko daga masana'anta zuwa ɗaki. Kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar hannu mai kama da ƙaramar taya a 1979. A 2006 aka fara sayar da 'yar na'urar Cricut a Amurka, da farko don yankan takarda, sannan a 2017 aka fitar da wadda ke da wuƙa mai juyawa ta yankan yadi. Kamfanin Brother ma ya fitar da tasa mai suna ScanNCut a 2013, wadda ke ɗaukar hoton zanen da aka yi da hannu ta yanka shi. Yadda suke aiki babu wuya. Akan manna ƙyalle a kan wani faifai mai danƙo, a zaɓi zane a waya ko kwamfuta, na'urar ta ja faifan gaba da baya tana yanka. Sai dai faɗin faifan inci 12 ne, don haka babu babbar riga ko kaftanin da zai shiga cikinta. Amfaninta yana ga ƙananan abubuwa masu buƙatar daidaito, kamar bajon makaranta, da furannin da ake ɗorawa a kan zanen gado da kayan yara, da haruffa, da sassan jaka.

Yadda muka koma 'yan kallo

Abin takaici shi ne, shekarun da duniya ke wannan ci gaba su ne shekarun da masaƙunmu suka durƙushe. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga rashin tsayayyar wutar lantarki, ga fasa-ƙwaurin yadi ta kan iyakoki. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007. A farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da ƙasashe irin su Sin ke fitarwa zuwa kasuwannin duniya, masana'antunsu suka ƙara girma da araha. Yau wanda ya shiga Kantin Kwari zai ga yawancin hajar daga waje take. Bayan yadi kuma ga ɗinkakkun kaya, jallabiya da abaya da kayan yara, waɗanda na'ura ta yanka dubbai a lokaci guda, ga kuma gwanjo a gefe.

Mun riga mun ga misalin abin da ke tafe a fannin aikin wuya. Da farko aikin hannu ne kaɗai, sai aikin keke ya zo, sannan aikin kwamfuta ya mamaye shagunan birane. Wanda ya fara sayen injin ya kuma samu yaron da ya iya zana masa a kwamfuta, shi ne sauran teloli suka koma yi wa layi. Aikin hannu bai mutu ba, ya koma kayan masu hali, kuma har gobe hular da aka ɗinka da allura tana da kasuwarta. Amma masu matsakaicin aiki da yawa sun rasa abin yi. Haka ya faru da masaƙa a gabansu. Hausawa sun ce zamani riga ne, kuma tarihin nan ya nuna cewa na'ura ba ta neman izinin kowa kafin ta shigo. Wanda ya shirya mata ya ci amfaninta, wanda bai shirya ba ya koma yi wa wani aiki.

Ina rabon Maruta?

Ya 'yan'uwa, mun sha ganin ana raba kekunan ɗinki ga mata da matasa da sunan tallafi, kuma madalla da hakan. Amma keke ba ya yanka. Yarinyar da aka ba keke ba a koya mata awo ba, gyaran tsofaffin kaya za ta ƙare a kai, ko ta sayar da shi ranar da buƙata ta taso. A halin yanzu kuwa babban aiki, irin kayan makarantu da na ma'aikata da ankon biki, yakan tafi inda za a iya fitar da ɗari a mako guda kuma duk su zo daidai, wato Kano ko Aba. Mu kanmu mazauna birni, nawa ne a cikinmu ke aika ɗinkin Sallah gida?

Ba ina kira ga ƙungiya ta tara kuɗi ta sayo babbar na'urar kwamfuta ba. Irin wannan inji yana son wuta tsayayya, da mai gyara a kusa, da aikin da zai ciyar da shi kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, janareta ma ya zama nauyi. In aka yi gaggawa, ƙura za ta rufe shi a ɗaki ya zama abin nuna wa baƙi. Tarihin da muka bi ya nuna mana tsani, kuma daga ƙasa ake hawansa.

Matakin farko shi ne ilimin awo da samfurin takarda, abin da wasu suka fara tun 1863. Wannan ba ya buƙatar wuta, sai tebur da tef da takarda da malami. Ƙungiya za ta iya ɗaukar nauyin ƙwararrun teloli 'yan asalin garinmu da ke birane su riƙa zuwa gida suna koyar da yanka, a kuma biya telolin gida ladan koyarwa don kada sakin almakashi ya zame musu asara. Mataki na biyu shi ne ɗakin yanka na haɗin gwiwa, mai dogon tebur da wuƙar lantarki ta hannu, wadda wutar sola za ta iya ɗauka, kowane tela ya kawo aikinsa ya biya ɗan abin da zai riƙe wurin. Mataki na uku shi ne kasuwa, kuma nan ne namu aikin yake. A cikinmu akwai masu makarantu, da shugabannin Islamiyya, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwar Kwari. In muka haɗa ɗinkin da ke hannunmu muka tura shi gida, da sharaɗin inganci da cika alkawari, ɗakin yanka ba zai kwana babu aiki ba. Sai bayan haka ne za a yi maganar ƙaramar na'urar yankan bajo da ado, a damƙa ta ga 'ya'yanmu da suka karanta kwamfuta suke zaune babu aiki, su riƙa yi wa teloli da mata masu kayan ɗaki hidima.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu na ƙasar Kano sun tufatar da mutanen Timbuktu da Agadas suna zaune a zaurukansu, domin manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da maɗinki da falke kowa ya riƙe nasa gefen. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan batu cikin abin da za a tattauna a babban taro mai zuwa, a kuma gayyaci telolin gida, maza da mata, su faɗi abin da suka fi buƙata da bakinsu, tun da su ne ke riƙe da almakashin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'in 'ya'yanmu, Ya ƙara haɗa kan 'yan Maruta na gida da na waje, Ya ba Jihar Jigawa da Nijeriya zaman lafiya da yalwar arziki, amin.